Shuɗiyar Rigar Matar Mai Walda

Kujerar ta maƙale a kwanar matakala. Maza biyu ne suke ɗauke da ita, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, Inna Mai Ƙyalle kuwa tana zaune a kai, ta rungume ledar magungunanta a ƙirji.

"Ku karkata ta hagu," in ji Inna. "Hagu na ce. Ku da ko kabad ba ku iya shigarwa ba, ina ga mutum."

Amarya tana tsaye a saman bene da tsintsiya a hannu. Tun safe ta share ɗakin Inna, da aka ce yau za a sallamo ta daga asibiti. Ta ɗauka sallamar sauƙi ce, sai da ta ga fuskar Auta, 'yar Inna ta ƙarshe, wadda take biye da su da filo a hammata. Auta ta ɗago ido ta dube ta, ta girgiza kai kaɗan. Amarya ta gane. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, ba ta ji ba. Abin da ta lura da shi kawai shi ne ƙafar kujerar ta kankare fentin bango, sai an sake shara.

Amarya dai ba amarya ba ce. Furfura ta fara leƙo mata, 'ya'yanta sun girma sun kama gabansu. Inna ce ta laƙaba mata sunan ranar da suka kama hayar ɗakin da ke jikin nata da sabon aurensu, sunan ya bi ta, har maigidanta, direban babbar mota da bai cika zaman gida ba, shi ma haka yake kiranta. Tsawon shekarun nan bango ɗaya ne tsakaninsu. Inna takan bi shagunan teloli ta tattaro ragowar yadi, ta yanka, ta harhaɗa, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta ɗinke da hannu ya zama bargo. Da wuya ka shiga wani ɗaki a gidan hayar nan ba ka ga aikinta a kan gado ba.

Ba a gama gyara wa Inna filo ba ta ce, "Ina buhun Mai Walda?"

Auta ta ce, "Inna, likita ya ce ki huta."

"Likita cewa ya yi a kai ni gida. Na ji shi da kunnena. Amarya, duba bayan ƙofa."

Amarya ta jawo buhun. Ta san labarinsa. Mai Walda na bakin titi ne ya kawo shi, bayan matarsa ta rasu bara ta bar masa 'ya mace ƙarama. Kayan marigayiyar ne a ciki, ya roƙi Inna ta yi wa yarinyar bargo da su. Inna ta yanka kusan duka, ta haɗa rabi, ciwo ya kwantar da ita.

Inna ta sa aka zura mata zare a allura. Ta kama ƙyalle biyu ta haɗa bakinsu, amma hannun ya ƙi tsayawa. Allurar ta soki iska, ta soki yatsanta, ta faɗa cikin zanin gado. Auta ta laluba ta ɗauko ta, ta rasa wanda za ta miƙa wa.

Inna ta ce, "Amarya, zo ki ara mini hannunki."

"Inna, ni ko maɓalli na ɗinka sai ya sake faɗuwa."

"Na sani. Ina ganin rigunan mijinki a kan igiya."

Haka aka fara. Kullum in Amarya ta gama aikin ɗakinta, rana ta juyo ta tagar Inna, sai ta shigo ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar gado. Inna tana kwance a gefenta, ido rabi a rufe, amma ba abin da yake wuce ta.

Ranar farko ba ta bar ta ta taɓa allura ba. Ta sa ta zaro ƙyalle biyu daga buhun, ɗaya na wani zani mai ruwan ƙasa, ɗaya na gyale mai furanni.

"Kama bakin wannan, ki ja zare ɗaya."

Amarya ta sa farce ta ja na zanin. Da ƙyar ya fito, ya tsinke a hanya.

"To ɗayan."

Tana taɓa na gyalen, zaren ya taho salin-alin, ya jawo na kusa da shi, bakin ƙyallen ya zama geza.

"Ɗaga su ga taga. Me kika gani?"

"Wannan ina ganin haske ta cikinsa. Wannan ba na gani."

"To shi ke nan. Yadi zare ne na tsaye da na kwance, wannan ya hau wancan. In masaƙa ta matse su, ba inda za su je. In ta bar musu fili, kina sa almakashi kowa zai kama hanya. Sannan shi zaren auduga yana da ɗan gashi-gashi, yana riƙe ɗan'uwansa. Na roba da na siliki santsi gare su, ba ruwan wani da wani." Ta tsaya ta mai da numfashi. "Kada ki yi ta jagwalgwala ƙyalle in kin yanka. Yawan taɓawa ma yana tsefe shi. Kuma almakashina ne wancan, ba na yankan leda ba. In ya dakushe, tauna yadi zai yi."

Amarya ta ce to. Duk abin da aka ce mata to take cewa. Ta koyi wanda ake bar wa baki kamar faɗin yatsa, da wanda sai an bar masa fiye da haka, da wanda in an yanka shi a karkace yakan daina zubar da zare amma sai ya yi ta miƙewa. Ɗinkinta ya fito a karkace kamar sawun kaza. Inna takan shafa shi da yatsa, ta ce, "Warware." Ta warware, ta sake.

Inna tana ta ƙanƙancewa a cikin gadon. Abin da ake ba ta a cokali ma ya koma tana juya kai. Amarya tana ganin duk wannan kamar ta cikin gilashin mota: ga shi nan kusa, amma iskarsa ba ta taɓa ta.

Wata rana da yamma Mai Walda ya zo dubiya. Ya tsaya a bakin ƙofa da ledar lemo, ya ƙi shigowa saboda baƙin da ke jikin kayan aikinsa. Ya gaishe da Inna, ya dubi ƙasa.

"Inna, da an haƙura da aikin nan. A ba ni kayan haka, ba komai."

"An riga an yanka. Me za ka kai wa yarinya, buhun tsumma?"

Ya murza ledar da ke hannunsa.

Inna ta nuna wa Amarya ƙasan buhun. Amarya ta zaro wata shuɗiyar riga mai sheƙi, ita kaɗai ce almakashi bai taɓa ba. Tana ɗagawa rigar ta sulale daga hannunta kamar ruwa.

Inna ta ce, "Wannan ce ta hana ni barci tun ranar da ka kawo ta. Ga santsi, ga saƙa sakwa-sakwa. Irinta ba ta zama a bargo. Wanki ɗaya biyu, sai ka ga ɗinkin yana nan, yadin ya zame daga ƙarƙashinsa. Ka mayar wa yarinyar da ita yadda take."

Mai Walda ya ce, "Ita take runguma ta yi barci, Inna. Da kanta ta sa ta a buhun. Ta ce a tsakiya za a sa, daidai inda hannunta zai kai." Ya dubi rigar. "Kullum in na dawo sai ta tambaye ni."

Inna ta daɗe tana kallon silin. Can ta ce, "Ajiye lemon, ka je. Za a sa."

Da ya sauka, Amarya ta fita wanke kofi a famfon baranda, Auta ta biyo ta. Auta mace ce babba, tana da aikinta da 'ya'yanta a wani gari, duk ta baro su ta zo jinya.

"Ke kike biye mata," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa. "Na bar komai na zo in zauna da uwata, amma duk sanda na shiga ɗakin nan zancen ƙyalle ake. Ko sau ɗaya ba ta ce mini zauna mu yi magana ba."

Amarya ta ci gaba da cuɗa kofin da ya riga ya fita. "In daina zuwa?"

"Tun muna yara haka take. Ƙeyarta muka sani. Ka dawo daga makaranta da magana a bakinka, ta ce bari in kai ƙarshen layin nan. Layin ba ya ƙarewa." Ta share hanci da bayan hannu. "Eh, ki daina."

Washegari Amarya ba ta shiga ba. Ta wanke kayan da ba su yi datti ba, ta goge kwanuka, ta zauna a bakin gadonta tana kallon bango. Ba motsi daga can ɓangaren. Rana ta yi sanyi aka ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Auta ce. Ba ta dubi idonta ba. "Ta juya wa bango fuska tun safe. Ko ruwa ta ƙi. Zo."

Da suka shiga, Inna ba ta tambayi inda Amarya ta shiga ba. Ta ce a shimfiɗa shuɗiyar rigar a kan faifan katakon da take yanka, a ɗora mata shi a gefen gado. Ta ce za a yi wa kowane yanki shafi da farin yadin auduga mai laushi, a ɗinke su tare tun kafin a haɗa da sauran, a bar baki mai faɗi, a kalmashe.

"Ba a yanka irin wannan mutum ɗaya. Gudu yake a ƙarƙashin almakashi. Auta, ke za ki danne."

"Ni ban iya ba, Inna."

"Tafin hannu kawai za ki sa. Naki ya fi nata faɗi, na ubanki kika ɗauko."

Auta ta durƙusa ta ɗora hannuwa biyu a kan yadin. Inna ta ce ba haka ba, ta miƙo nata hannun da ya zama ƙashi da fata, ta ɗora a kan na Auta, ta baje mata yatsun ɗaya bayan ɗaya. Amarya ta fara yanka. Almakashin yana tafiya yana ƙara a kan katako, siraran zare shuɗaye suna zuba. Ta kai ƙarshe, ta ajiye almakashin. Inna ba ta ɗauke hannunta ba, Auta ma ba ta janye nata ba. Amarya ta tattara zaren da ya zuba, ta dunƙule shi a tafinta, ta fita ta ba su wuri, ta tsaya a baranda tana kallon masu wucewa a titi har ƙafarta ta gaji.

Daga ranar Auta ce take zura zare, Amarya tana ɗinki. Maganar Inna ta ragu. Wani lokaci yatsa kawai take ɗagawa, su gane akwai gyara.

Ranar da abin ya faru, rana ce kamar kowace. Ana jin injin Mai Walda daga titi, wata mata a ƙasa tana faɗa da mai kawo ruwa. Wayar Auta ta yi ƙara, ta ce 'yarta ce, ta fita matakala inda aka fi jin magana. Amarya tana haɗa yanki na ƙarshe na shuɗin da wani mai ruwan ƙasa.

"Inna, nan kusurwar, yatsa ɗaya zan bari ko biyu?"

Shiru.

"Inna?"

Ta ɗago kai. Inna tana kwance yadda take, fuska wajen taga, baki a ɗan buɗe. Zanin da ke kan ƙirjinta ba ya motsi. Wani ƙuda ya sauka a kan filo, ya yi tafiyarsa, ya tashi.

Amarya ta dubi hannunta. Akwai sauran zare a allurar, kamar tsawon kamu. Ta bar yatsa biyu. Ta ci gaba da ɗinki, tana sokawa ɗaya bayan ɗaya, har zaren ya ƙare. Ta ƙulla, ta datse da haƙori, ta soke allurar a gefen katifa inda Inna take sokewa. Sannan ta tashi ta shafa idanun Inna ta rufe su, ta gyara mata ɗankwali.

Auta tana zaune a kan matakala, ta ba ta baya, tana dariya a waya. "Ke dai ba kya ji. To wa ya ce ki sa masa gishiri sau biyu? Ba babanku wayar." Amarya ta tsaya a bayanta, hannu a kan ƙarfen matakala. Ta ga bai kamata a katse mutum yana magana ba. Ta jira. Auta ta yi magana da mijinta, ta ce jikin da sauƙi yau, ta ɗan sha ruwa. Ta yi sallama, ta kashe wayar, ta juyo.

Ta dubi Amarya. Dariyar ba ta gama barin fuskarta ba.

"Innalillahi," in ji Auta. Ta haye da gudu, takalminta ɗaya ya zame ya gangara ƙasa. Amarya ta sauka ta ɗauko shi, ta kawo ta ajiye a bakin ƙofa kusa da ɗan'uwansa.

Mutane suka cika gidan. Takalma suka taru a baranda har ba wurin taka ƙafa. Amarya ta yi ta kai ruwa, tana karɓar kofuna, tana nuna wa baƙi banɗaki. Mata suna rungume ta suna cewa, "Sannu Amarya, ke ce 'yarta ta kusa," tana cewa, "Sannunmu." Ta ga wata baƙuwa ta zauna a kan bargon da ba a gama ba, ta ce mata ta ɗan ɗaga, ta janye shi, ta kai ɗakinta. Maigidanta ya kira daga hanya, ana jin ƙarar motoci a bayansa.

"Allah ya jiƙanta. Ke ya kike?"

"Lafiya lau."

"Kin ci abinci?"

Ta yi tunani. "Ban sani ba."

Da baƙi suka watse, Auta ta tsaya kwashe kayan ɗakin. Yayyenta suka ɗauki abin da za su ɗauka suka tafi. Wata safiya Auta ta shigo ɗakin Amarya, idanunta a kumbure, ta zauna a ƙasa ba tare da an ce ta zauna ba.

"Ina yake?"

Amarya ta ɗauko bargon. Suka shimfiɗa shi, suka sa audugar tsakiya da yadin baya, suka kama ɗinki, ɗaya daga wannan gefe ɗaya daga wancan. Ba mai cewa a warware. Ko makaho ya shafa zai gane inda hannun Inna ya tsaya da inda nasu ya fara. Ba su cika magana ba. Sau ɗaya Auta ta soki yatsa, ta tsotse, ta ce, "Da yanzu ta ce jini ba ya fita a farin yadi." Amarya ta ce, "Haka ne."

Da suka gama, Amarya ta ce sai an wanke kafin a bayar, a ga abin da zai yi. Suka jiƙa shi a babban baho, suka matse tare, suka shanya a igiyar baranda. Da ya bushe suka bi shuɗin yanki-yanki da yatsa. Duk sun zauna, sai kusurwa ɗaya, inda shafin bai kai baki ba. Nan yadin ya zame daga ɗinkin, zare ya yi cirko-cirko, farar auduga tana leƙowa.

Auta ta ce, "Akwai sauran rigar?"

"Babu. Sai zare."

Amarya ta je ɗakin Inna, ta tona cikin ragowar ƙyallayen teloli, tana ɗaga su ga taga ɗaya bayan ɗaya, har ta sami wanda haske ba ya ratsawa. Toka-toka ne, bai yi kama da komai a bargon ba. Ta yanka ɗan ƙarami, ta kalmashe bakinsa, ta rufe kusurwar da shi.

Da yamma aka aika wa Mai Walda. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa kamar wancan karon. Ya yi wa Auta gaisuwa. Suka buɗe masa bargon, kowace ta kama kusurwa biyu. Ya daɗe yana kallo. Idonsa yana tsayawa a kan wannan ƙyalle, ya matsa zuwa wancan, leɓensa yana motsi ba sauti. Ya kai kan facin toka-tokan.

"Wannan ba nata ba ne."

"Ba nata ba ne," in ji Amarya. "Wurin ya tsefe. Kada a riƙa murza shi wajen wanki, a matse kawai."

"To."

Ya goge hannuwansa a wando, ya dube su, ya ga ba su fita ba. Sai ya miƙo damatsansa biyu, suka ninke bargon suka ɗora masa a kai. Ya sunkuyar da kai, ya juya.

Auta ta koma ɗaure kwalaye. Amarya ta tsaya a baranda ta dafa ƙarfe. Can ƙasa ta ga ya fito daga ƙofar gidan, hannuwa a miƙe gaba, ya nisanta bargon da ƙirjinsa don kada ya taɓa rigar aiki. Ya isa bakin titi ya tsaya. Motoci suna ta wucewa, ba wadda ta rage gudu. Ya sa ƙafa ɗaya, ya janye. Yana nan tsaye da abin a kan hannuwansa, yana duba dama, yana duba hagu.